Hayaƙin Gidan Manaja

Daga bayan labule Auta ta hango mijinta ya shawo kwanar layi da tukunyar gas a kafaɗa. Ya karkace gefe guda, yana taku ɗai-ɗai, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Da ya iso daidai ƙofar gidan Akawu, maƙwabcinsu, sai ya dire tukunyar a hankali, ya dafe ƙugu, ya zaro hankici ya share goshi.

"Manaja, an sha nauyi!" in ji Akawu, yana wanke motarsa sanye da guntun wando. "Wai har yanzu taka motar ba ta fito ba?"

"Tana wurin bakanike, ka san halinsu, kullum gobe." Manaja ya yi dariya, ya shafa wuyan tukunyar. "Ga Madam kuma ba ta san jira ba. Gas ya ƙare, gida ya tsaya."

"Ai dole, mai ciki sai lallashi. A gaishe ta."

Auta ta saki labulen. Babu komai a cikin tukunyar nan, yadda ya fita da ita da safe haka ya dawo da ita. Lokaci-lokaci, ranar Asabar da maza ke gida, sai ya saɓa ta ya bi ta tsakiyar layi, ya je ya zauna a rumfar wani mai gyaran rediyo a bayan kasuwa har rana ta take, sannan ya dawo yana nishi. Shafa ta kawai yake yi, bai taɓa kuskuren buga ta a gaban mutane ba, don ya san ƙarar za ta tona shi. Abin da ya fi ba Auta mamaki shi ne gumin, domin gumin na gaske ne.

Yana shigowa ya tura ƙofa da ƙafa, ya sauke tukunyar da hannu ɗaya, ya jingine ta a bayan kujera.

"Sannu da aiki, Yallaɓai," ta ce. "In kawo ruwan zafi a gasa kafaɗar?"

"Ki yi ta tsiyarki. Ni dai rufin asirinmu nake nema." Ya durƙusa ya kara kunne a cikinta. "Yaya Ƙaramin Manaja? Ya fito ofis yau?"

"Tun asuba yake harbi na."

"Haka nake so. A ci gaba da aiki."

Ta yi dariya, dariyar ta zame ta koma tari. Ta daɗe tana yi, hannu ɗaya a bango, ɗaya a ciki. Manaja ya ɗebo mata ruwa a kofi, ya tsaya yana kallon silin, inda wani baƙin tabo ya fara fitowa a kusurwa.

* * *

Kamfanin sufurin da yake wa manaja ya daɗe da rufewa. Ya tafi da albashi da mota, ya bar masa suna da taye da takalma masu ƙyalli. Motar da ake cewa tana wurin bakanike, tuni wani ke hawanta a wani gari. Duk da haka kowace safiya sai Manaja ya goge riga, ya ɗaura taye, ya rataya jaka, ya fita neman aiki a daidai lokacin da masu aiki ke fita.

Layin nasu kuwa ba wurin da mutum zai talauce a sarari ba ne. Gidaje ne iri ɗaya a jere, bango na jingine da bango, katangar baya ba ta wuce kafaɗa ba. In ka soya ƙwai maƙwabta sun ji, in ka kwana biyu ba ka soya ba ma sun ji. An taɓa yin wasu mutane a gidan ƙarshe da suka riƙa hura icce a tsakar gida. Matan layi suka sa musu suna Gidan Hayaƙi, suka riƙa kwashe shanya da gayya suna tsaki in sun hango wuta, har mutanen suka gaji suka tattara suka tashi. Auta ba ta manta ba cewa da ita aka yi dariyar, kuma tata ta fi ta kowa ƙara.

Shi ya sa ranar da gas ya gagara, wutar lantarki kuma ta zama sai ta ga dama, ba ta yi musu ba da Manaja ya ce ya samo dabara. Ciki ne da ita, cikin da ta daɗe tana roƙo. Ta sha yin ɓari har ta daina faɗa wa kowa in ta ga alama. Wannan ne kaɗai ya zauna, ya girma, har ta yi ƙarfin halin sayen 'yan riguna da safa da tawul, ta zuba a jaka ta tura ƙarƙashin gado. Mai ciki kuwa dole ta ci dafaffe.

Dabarar ta iso da tsakar rana a bayan motar a-kori-kura, a cikin kwalin injin wanki. Matar Akawu har ta leƙo ta katanga ta yi musu barka. Da aka rufe ƙofa, mai waldan da ya biyo kayan ya yage kwalin ya fito da murhun ƙarfe mai ƙafa huɗu, da ƙofar zuba icce, da aljihun toka a ƙasa, da baki biyu na ɗora tukunya. Sai gaɓoɓin bututu uku da wata 'yar hular kwano da ake kifa wa bututun don kada ruwan sama ya shiga.

Mai walda ya jera bulo ya ɗora murhun a kai, ya janye shi daga jikin bango, ya ce a cire labulen kicin, a matsar da kantar katako da ke kusa. Yana aiki yana magana, da jin muryar ka san ya faɗi wannan a gidaje da yawa.

"Busasshen icce kawai, Hajiya. Kada a zuba kalanzir ko fetur. Toka a kwashe kullum a bokitin ƙarfe, a kai waje. In ana girki taga ta zama a buɗe, wuta ma numfashi take yi. Bututun kuma a riƙa kakkaɓe shi, kunkunniya na toshe shi." Ya ɗaga kai. "Yallaɓai, ina tsani? Zan huda silin, in huda kwano, bututun ya wuce ƙololuwar rufi, sannan in sa masa hularsa."

"Silin kaɗai za ka huda," in ji Manaja.

"Na'am?"

"Gaɓa ɗaya ta isa. Tsakanin silin da kwano ai ɗaki ne guda. Hayaƙin ya shiga can ya baje, ya riƙa silalewa ta ƙarƙashin kwano kaɗan-kaɗan, ba mai gani. Lissafi ne."

"Yallaɓai, in bai samu hanyar sama ba, dawowa zai yi. Ga katakon rufi kuma, in zafi ya yi masa yawa..."

"Malam, kamfani guda na riƙe. Kicin ɗin gidana ba zai gagare ni ba."

Mai walda ya dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa. Hawan kwano da tsakar rana ba abin marmari ba ne, ga wani aikin na jiransa, don haka ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Gidanka ne, ni dai na faɗa." Ya huda silin, ya zura gaɓa ɗaya, ya liƙe gefen, ya karɓi haƙƙinsa ya tafi. Sauran gaɓoɓi biyun da hular, Manaja ya naɗe su a tsohon zanin gado ya tura ƙarƙashin gado, kusa da jakar jariri.

* * *

Da farko abin ya yi kamar zai yi. Murhun akwai zafi, shinkafa na nuna da wuri, ruwan wanka ba ya yankewa. In Auta ta hura wuta, Manaja kan fita ya tsaya a tsallaken titi da hannu a aljihu, wai shan iska yake yi, alhali rufin gidansa yake duba. Ko alamar hayaƙi babu. Ya dawo yana murmushi yana cewa, "Ban gaya miki lissafi ne ba?"

Icce ne ya zama matsala, don ba yadda za a yi a shigo da faskare layin nan a ɓoye. Sai ya shirya da wani kafinta, ya riƙa karɓo guntayen katako a buhun shinkafa, wasu da fenti, wasu da gam. Masu ganinsa da buhu a kai a kai har cewa suke gidan Manaja akwai ci. Katakon na ci da wuta kore-kore, yana fitar da wani wari mai kama maƙogwaro. Taga kuma ba ta buɗuwa, saboda tagar kicin ɗinsu barandar bayan gidan Akawu take kallo, ido cikin ido. Labulen da mai walda ya ce a cire, Auta da kanta ta mayar da shi, ta ƙara masa tsohon bargo.

Sannu a hankali baƙin tabon ya bi silin daga kicin ya shiga falo, ya leƙa ɗakin kwana. Tufafi suka ɗauki ƙauri, Manaja ya ƙara yawan turaren da yake fesawa. Auta kan tashi da ciwon kai, ya wuni yana sara mata a goshi, in ta miƙe daga gaban murhu sai ta ga kicin na juyawa. Ta ce nauyin ciki ne. A wurin awo nas ta tambaye ta da me take girki, ta ce da gas, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Wata rana matar Akawu ta tare ta a bakin katanga tana yatsina hanci.

"Madam Manaja, wai wa ke ƙona shara a layin nan ne? Kullum da rana sai na ji ƙauri."

"Ni ma abin ya dame ni," in ji Auta. "Ina jin mutanen bayan layi ne."

"Su ne mana. Har yanzu ba su waye ba."

Yayarta ce kaɗai ba ta ruɗu ba. Yaya abinci take sayarwa a bakin tasha, duk rayuwarta a gaban icce ta yi ta, a fili, ƙarƙashin rumfa. Ranar da ta zo duba Auta, ko zama ba ta yi ba ta buɗe hanci.

"Ke Auta, wannan warin na san shi."

"Mutanen bayan layi ne, Yaya."

"Mutanen bayan layi ne suka mayar miki da ido ja haka?"

Ta wuce ta, ta murɗa ƙofar kicin da Auta ta ja tun da ta ji sallama. Ta bi bututun da kallo daga murhu har inda silin ya haɗiye shi. Ta fita tsakar gida ta ɗaga kai ta dubi kwano, ta dawo.

"Ina hayaƙin yake zuwa?"

"Sama."

"Saman wa? Ni ban ga komai a sama ba." Ta fizge bargon, ta banke tagar. "Au, ashe ƙirjinki ne saman. Tsakanin ke da shi wane ne mahaukacin? Icce abin kunya ne? Da icce aka dafa abin da kika ci kika girma har kika auri mai taye."

"Yaya, don Allah rage murya."

"Ba zan rage ba. Ɗauko mayafinki mu tafi, ki zauna wurina har ki sauka. Ɗaki ɗaya ne, amma iska na shiga."

Auta ta hango kanta a ɗakin Yaya na bayan tasha, ta hango matan layi suna tambayar Manaja ina Madam, ta ji ba za ta iya ba. Ta ce za a gyara, wallahi cikin satin nan za a gyara. Yaya ta dafa cikin, ta jira har ta ji motsi a tafin hannunta, sannan muryarta ta sauka.

"Wannan bai san Akawu ba, bai san matar Akawu ba. Abin da kika shaƙa shi yake samu. Ki ji tsoron Allah, Auta."

Auta ta raka ta bakin titi. Da ta dawo ta tarar matar Akawu ta fito baranda tana tsince shinkafa, sai ta ja tagar a hankali ta rufe, ta mayar da bargon.

* * *

Amma maganar ta zauna mata a rai. Ta fara lura cewa duk ranar da ta daɗe a gaban murhu, Ƙaramin Manaja kan yi lamo, sai can yamma ya ɗan motsa a kasalance. Tsoro ya kama ta, irin wanda ta sani tun daga na baya da suka zube. Da Manaja ya dawo ya kwance taye, ta ajiye masa abinci, ta zauna a gabansa.

"Yallaɓai, a fitar da bututun nan."

Ya ajiye cokali. "Yayarki ta zo ke nan."

"Ba maganar Yaya ba ce. Yaron nan ya rage motsi. Na san jikina."

Ya ture kwanon abincin gefe. Ba mugun mutum ba ne, kuma ta san yana son cikin nan kamar ransa. Ya taso ya zauna kusa da ita, ya riƙe hannunta.

"Auta, Akawu ya karɓi takarduna, ya ce zai kai wa ogansa a matsayin wanda yake son canjin wurin aiki. Canji fa na ce masa, ba nema ba. In bututu ya tsaya a kan kwanon nan yana busa hayaƙi, me zai ce wa ogan? Ga wani mai girki da icce, a ba shi manaja? Mutanen nan wanda suka ga yana da shi suke ba." Ya matse hannun. "Ki ƙara haƙuri kaɗan. Albashin farko, wallahi da kaina zan cika tukunyar can, in yi wurgi da wannan ƙarfen. Kafin nan ki riƙa girki sau ɗaya, kina fitowa falo kina shan iska."

Ta so ta ce ai falon ma silin ɗaya ne. Sai idonta ya kai kan wuyan rigarsa, ta ga ya cinye, ya juya shi ya sake ɗinkewa da kansa don kada ta sani. Tausayi ya rufe mata baki, ta ce to.

* * *

Ranar da abin ya faru, an wuni ana yayyafi. Iska ta tsaya cak, gari ya yi nauyi. Buhun katakon da Manaja ya kawo jiya ya sha ruwa a hanya. Wake ta ɗora, don shi ya rage a gidan, wake kuwa ba ya nuna da gaggawa.

Wutar ta ƙi kamawa sosai. Katakon na tsiyayar ruwa yana huci. Bututun da ba a taɓa kakkaɓewa ba ya cika da kunkunniya, hayaƙin ya hau ya rasa hanya, ya dawo ta bakin murhu da gefen tukunya. Auta ta durƙusa tana fifita, hawaye na zuba. Da ta gaji ta rufe ƙofar murhun don hayaƙin ya ragu. Ya ragu a ido, garwashin kuma ya ci gaba da ci a ciki a hankali.

Ta miƙe ta ɗaga gefen bargo, ta ɗora hannu a kan sakatar taga. A daidai nan dariya ta tashi a barandar Akawu. Ruwa ya hana matan layi fita, sun taru ana yi wa matar Akawu kitso, ga su nan kusa har tana jin ƙarar cingam ɗin mai kitso. In ta buɗe, a fuskarsu hayaƙin zai sauka. Ta ce bari su tashi, ai kitson ya kusa ƙarewa. Ta sauke hannun.

Ta jawo 'yar ƙaramar kujera ta zauna, ta jingina da bango. Ciwon kan ya yi wani irin lafawa. Wani barci mai daɗi ya riƙa jan ta, gaɓoɓinta suka mutu. Ta ɗora hannu a ciki ta ce, "Kai ma barcin kake ji?" Aka ɗan taɓa tafin hannunta daga ciki, a hankali. Ta yi niyyar tashi ta koma falo, niyyar ce kuma abu na ƙarshe da ta tuna.

Sanyin simintin falo ta fara ji a bayanta, sai muryar Manaja a kanta, yana kiran ta yana jijjiga ta yana yayyafa mata ruwa. Idonta ya ƙi buɗuwa, bakinta ya ƙi motsi, amma kunnenta na aiki. Ta ji yana kuka, kuka na gaske. Ta ji ya miƙe a guje, ta ɗauka waje zai yi, sai ta ji takunsa ya nufi kicin. Ta ji cuuu ɗin ruwa a kan garwashi. Ta ji an ja buhu, an rufe ƙofa, an murɗa makulli. Aka jawo tukunyar gas daga bayan kujera tana ƙara a kan siminti, aka fitar da ita tsakar gida. Sannan ne ya buɗe ƙofar gida ya ƙwala ihu.

"Jama'a, ku taimaka! Gas! Gas ya yi yoyo!"

Bai daɗe ba. Ko daga baya da take auna abin, ta san bai daɗe ba, ta kuma san da wuya a ce wannan ɗan jinkirin ne ya canza wani abu. Amma ta ji shi da kunnenta, kuma ta kasa mantawa.

Shi ya sungumo ta ya fito da ita, bai bar kowa ya shiga ba, wai kada gas ya kama su. Akawu ya ja mota, matarsa ta shiga baya da rabin kitso, ta ɗora kan Auta a cinyarta tana salati har asibiti.

Aka sa mata robar iska a hanci. Likita, wata mace mai ƙaramar murya, ta tambaya me ta shaƙa, Manaja ya ce gas. Likitar ta sunkuya ta shinshina mayafin Auta, ta dube ta.

"Baiwar Allah, kina ji na? Ki gaya min gaskiya don in san abin da zan yi. Gas ne ko hayaƙi?"

Auta ta buɗe ido. Manaja na tsaye a ƙarshen gado, taye a karkace, ya ɓoye hannun rigarsa a baya saboda toka. Kusa da shi matar Akawu na riƙe da takalman Auta, idonta ya yi ja don tausayi.

"Gas ne," in ji Auta.

Likita ta yaye mata riga. Ta shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, ta ɗora na'urar sauraron bugun zuciyar jariri, ta kai ta dama, ta kai ta hagu, ta danna ƙasa. Ɗakin ya yi tsit, sai shuuu ɗin na'urar. Ta daɗe tana nema. Daga baya ta kashe na'urar, ta ce wa nas ta fitar da kowa waje.

Babu rai aka fito da shi. Namiji ne. Nas ta ce yana da gashi da yawa, ta tambaya ko tana son ganinsa. Auta ta ce a'a, sannan ta ce a kawo shi.

* * *

Yaya ce ta yi jinyarta. Ba ta ce ai na faɗa ba, ba ta kuma sake amsa gaisuwar Manaja ba. Shi kuwa ya rame, ya daina wasa, in ya dawo sai ya zauna a falo da takalmi a ƙafa har a kira magariba.

Da aka sallamo ta, matan layi suka riƙa shigowa da kwanukan abinci. Tukunyar gas na nan a tsakar gida inda ya jefar da ita, duk wadda ta wuce sai ta harare ta ta yi tsaki. Matar Akawu ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun Auta.

"Wallahi tun ranar ban sake barci mai daɗi ba. Na ce wa Akawu ya fitar min da wannan bala'in daga gida, ashe da bam muke kwana. Ga tsadar tsiya. Akwai wani murhun icce da ake yi yanzu, na zamani, mai bututu, har manya shi suke sawa. Mun ba da a ƙera mana. Ke ma in kin warware ki sa Manaja ya saya miki, ki huta da gas ɗin nan."

Auta ta ce Allah ya sanya alheri.

Kafin ta gama warwarewa mai walda ya zama ɗan layi. Shi ne dai wancan, yau yana kan wannan kwano, gobe yana kan wancan. Sau ɗaya suka haɗa ido ta taga, ya kau da kai ya ci gaba da aikinsa. Bututu ya tsaya a gidan Akawu, ya tsaya a na kusa da shi, ya tsaya har a gidan ƙarshe, kowanne da hularsa. Ashe da yawansu gas ɗin ya daɗe da fin ƙarfinsu, kowa jira yake wani ya fara.

Auta ba ta sake taka kicin ba, Yaya ce ke aiko musu abinci daga tasha. Da yamma takan zauna a bakin tagar ɗaki ta ga hayaƙi na tashi daga kwanukan layi, yana miƙewa sama abinsa, matan kuma na hira ta kan katanga a kan wanda iccensa ya fi bushewa. Ba ta jin haushinsu. Kanta take jin haushi, da hannun nan nata da ya taɓa sakata ya sauka.

A irin wannan yammar Manaja ya shigo ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Maganar ogan Akawu har yanzu gobe ce. Ya gyara murya.

"Auta, kin ga layin kuwa? Har gidan ƙarshe sun sa."

Ba ta juyo ba.

"Na ce tunda kowa ya yi, ai mu ma yanzu za mu iya fitar da namu. Na yi wa mai walda magana, yana waje da tsani."

Akwai wani sauƙi a muryarsa, irin na wanda aka sauke wa kaya, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ta sauko daga bakin taga ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashin gado, ta jawo ƙullin zanin. Igiyar jakar jariri ta maƙale a bakin hular, jakar ta biyo, ta kife, 'yan safa farare suka zube a ƙasa. Manaja ya sunkuya zai kwashe.

"Bar su," ta ce.

Ta warware zanin. Gaɓoɓin bututun na nan sababbi fil, cikinsu na ƙyalli. Ya karɓa, ya saɓa a kafaɗa, ya fita a miƙe, ba nishi. Ta jiyo muryar Akawu daga waje.

"Manaja, an biyo sahu ke nan!"

"Ai dole. Madam ta ce ko sunan gas ba ta son ji."

Auta ta zauna a ƙasa ta tara safar a cinya. Aka fara buga kwano a sama. Da kowane bugu sai kunkunniya ta zubo ta tsagin silin, baƙa ƙirin, mai laushi kamar gari, ta sauka a kan gado, da kan zaninta, da kan 'yan safar da take haɗawa bibbiyu. Ta kakkaɓe ta farko, ta kakkaɓe ta biyu, daga nan ta bari.